Bokiti ɗaya na ciyawar teku, da dalilin da ya sa na hana a juye shi a ruwa

1/ Jiya da daddare mun yi sa-in-sa da abokin ɗakina a kan bokiti ɗaya na ciyawa. Shi ya ce mu kai bakin teku mu juye mu huta, ni na ce ko da wasa. Har yanzu gani yake na cika tsanani. To ga ƙara na kawo gabanku, ku yi mana alƙalanci. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri 🧵

2/ Ga waɗanda ba su san ni ba: ina aji uku a jami'a a Turkiyya, ina karantar ilimin halittun ruwa, garin da muke kuma a bakin Bahar Rum yake. A ɗakina akwai ƙaramin tankin gilashi mai cin lita 60 na ruwan gishiri. Kifi biyu, 'yan katantanwa, sai murjani mai rai.

3/ E, murjani yana da rai. Jan nan da kakanninmu mata ke ɗaurawa a wuya, idan na asali ne, ƙashin wata halittar ruwa ne, kuma a wannan tekun ake ciro shi. Nawa ba irinsa ba ne, na tekunan ƙasashen zafi ne, amma dangi ɗaya ne. Kuɗin abincina na matse na saye su ɗaya bayan ɗaya.

4/ Wata huɗu da suka wuce na sayo wani ɗan guntun murjani a manne da tsakuwa. A gefen tsakuwar akwai wani tsiro kore shar, kamar gashin tsuntsu, bai kai tsawon farce ba. Na nuna wa mai shagon, ya yi dariya ya ce wannan ai kyauta ce, tana ma tace ruwa. Na yi godiya na taho.

5/ Abin kunyar shi ne na san sunanta. Caulerpa. Mun yi ta a aji, na rubuta ta a jarrabawa, na ci makin. Amma da na gan ta a tankina tana kaɗawa gwanin sha'awa, sai na ce ai 'yar ƙarama ce, duk ranar da ta dame ni na tsige. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wallahi.

6/ Cikin mako shida ta bi dutse ta zagaye shi. Tana tafiya ne kamar dankali, jijiya ta miƙe a kwance, ta saki ganye sama, ta saki wasu siraran saiwoyi ƙasa su shige kowane rami na dutsen. Ta hau kan murjanina biyu ta tare musu haske. Suka daina buɗewa.

7/ Ga abin da ya sa ta fi ƙarfin tsigewa. Duk tsawon nan nata, da ganye da jijiya da saiwa, ƙwayar halitta ɗaya ce tak, ba bango a tsakani. Ka yanke ta, nan take ta toshe raunin. Guntun da bai fi santimita 1 ba yana iya zama sabon tsiro. Kai kana ganin kashe ta kake, ashe shuka kake yi.

8/ Ni kuwa haka na yi. Na zura hannu na yi ta fizga a cikin ruwan, fanfo yana aiki, gutsattsari suna yawo. Bayan kwana goma ta fito a wurare biyar da da babu ita. Wannan kuskuren nawa ne ni kaɗai, ba na mai shago ba.

9/ Sai kuma babban tashin hankalin. Makon jarrabawa na tashi da asuba na tarar ruwan ya koma kamar tsanwar kunu, ba a ganin bayan tankin. Ciyawar ta yi fari fat, kamar an zuƙe ta. Kifayen suna sama suna haki.

10/ Abin da ya faru: idan Caulerpa za ta hayayyafa ta hanyar iri, duk abin da ke cikin jikinta take juyewa cikin ruwa lokaci ɗaya, ita kuma ta mutu. A teku wannan ba komai ba ne. A lita 60 kuwa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, ruɓa ta biyo baya. Ƙaramin tanki ba ya yafe kuskure.

11/ Ranar na canja kusan rabin ruwan, na zuba gawayin tace ruwa, na karkata fanfo yana motsa saman ruwa. Kifin sun tsira. Murjani ɗaya bai tashi ba. Na shiga ɗakin jarrabawa hannuna yana warin teku, raina a ɓace.

12/ Daga nan na natsu na fara yi yadda ya kamata. Bari in faɗi abin da ya yi mini aiki, don na san akwai 'yan'uwa a Malesiya da Masar da Dubai da suka fara wannan harkar, suna tambayata ta saƙo. Bayan nan sai mu dawo kan rigimarmu da mutumina.

13/ Na farko, ruwa ba ya tsami banza. Ciyawa ba ta bunƙasa sai da taki. Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhun NPK ya san harafin N da P. To su ne dai a cikin tanki, naitiret da fosfet. Daga ina? Ragowar abincin kifi, kashinsu, da ruwan famfo da ba a tace ba.

14/ Ni ina zuba abinci sau uku a rana don ina jin daɗin kallonsu suna ci. Na mayar sau ɗaya, daidai abin da za su cinye a minti guda. Na daina haɗa gishiri da ruwan famfo, na koma tataccen ruwa. Duk mako na canja kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ina zuƙe dattin ƙasa da tiyo.

15/ Wani tarko: ka gwada ruwa, awo ya nuna maka babu fosfet, ga ciyawa kuma tana ta yaɗo. Ba ƙarya awon ya yi ba. Ciyawar ce ke shanye takin kafin ka auna. Shi kansa dutsen yana riƙe fosfet ya riƙa sakinsa a hankali. Shi ya sa abin ke ɗaukar watanni.

16/ Kada kuma ka ce sai ka kai taki sifili. Murjani ma yana buƙatar kaɗan, don a cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan gansakuka da ke yi masa abinci da haske. Ka ƙwace taki gaba ɗaya, ya koɗe, wata ƙazamar yauƙi mai ruwan ƙasa ta samu fili. Yawancin masu tanki suna barin naitiret kaɗan, fosfet ɗan ƙiris.

17/ Na biyu, tsigewa a WAJEN tanki. Ka ciro dutsen ka sa a bokiti da tsohon ruwan tanki. Ka bi jijiyar da matsefata a hankali, ka ɗago ta da tsawonta, kada ka tsinka. Ramukan da saiwa ta maƙale ka goge da tsohon buroshi, ka ɗauraye a bokiti na biyu kafin ka mayar.

18/ Idan dutsen ba ya ciruwa, kashe fanfo tukuna, hannu ɗaya na tsiga, ɗaya na riƙe da tiyo yana zuƙe duk abin da ya ɓalle. Duk mako. Ko ka ga kamar ta ƙare, ka sake dubawa da tocila. Ni sai da na yi mako tara a jere.

19/ Gargaɗi, don Allah a riƙe wannan: kada a TAFASA dutsen tanki. Wasu murjanai masu laushi, irin su Palythoa, suna da dafi mai tsanani, tururin kaɗai ya sha kwantar da mutanen gida ɗaya a asibiti a ƙasashe daban-daban. Safar hannu, tabarau, taga a buɗe. Ba abin wasa ba ne.

20/ Na uku, masu ci. Za a ce maka sayi kifi kaza yana cin ciyawa. Irin kifayen nan masu kiwo suna buƙatar tanki mai ɗaruruwan litoci. Ka cusa shi a lita 60, zalunci ne, kuma kashinsa ƙarin taki ne. Ga shi Caulerpa tana da wani sinadari mai hana yawancin dabbobi cin ta.

21/ Katantanwa da bushiyar teku suna taimakawa wajen goge sabon tsiro da gansakuka mai laushi. 'Yar koriyar ƙaguwar nan takan ci ciyawa mai ƙwallaye kamar balan-balan, wani lokaci kuma ta ƙi. Mataimaka ne kawai. Aikin naka ne.

22/ Na huɗu, magani. A nan muke saɓawa da mutane da yawa. Akwai wata ciyawa mai suna Bryopsis da masu tanki ke kashewa da fluconazole, maganin da likita ke rubuta wa mutane. Da yawa sun ce ya yi musu aiki a kanta. Ban ce ƙarya ba ne. Amma ka san wace ciyawa ce a tankinka kafin ka zuba?

23/ Kuma ko magani ya kashe ta, ina takin da ke jikinta zai tafi? Cikin ruwan zai koma. Idan ba ka gyara ciyarwa da ruwanka ba, wata ce za ta gaje ta. Ka kori ɓarawo ka bar ƙofa a buɗe. A wurina magani shi ne na ƙarshe, ba na farko ba.

24/ Idan kana son ciyawar da za ta yi gasar cin taki da mugayen, akwai Chaetomorpha, mai kama da cukurkuɗaɗɗen zare. Ba ta kama dutse, ba ta da halin nan na narkewa dare ɗaya. Ka sa ta a ɗan akwati a bayan tanki da fitilarta, ta yi yawa ka rage. Da ita aka ba ni kyauta da ban rasa murjani ba.

25/ To mu dawo kan bokiti. Jiya na yi tsigar ƙarshe, na tara ciyawar da wata tsakuwa da na haƙura da ita. Mutumina ya leƙo ya ce, "Malam, kai fa ka cika wahalar da kanka. Teku ga ta nan minti goma. Abin da ya fito daga teku ai gida ya koma." Na ce zauna in ba ka labarin Monako.

26/ Wajajen 1980, a gidan namun dajin Wilhelma da ke Stuttgart a Jamus, an lura da wani nau'in Caulerpa taxifolia mai kyau, mai saurin girma, wanda sanyi ba ya kashewa. Masu tankuna suka so shi. Aka riƙa rarraba shi zuwa manyan gidajen kifi na Turai.

27/ A 1984 aka ga wani ɗan fili nata a cikin teku, daidai ƙarƙashin gidan adana halittun teku na Monako. Girmansa kusan murabba'in mita 1. Tabarma ɗaya ta fi shi. Mutum biyu da buhu za su iya gamawa da shi kafin azahar.

28/ Ba a cire ba. Wasu suka ce ciyawar ƙasar zafi ce, hunturu zai kashe ta. Hunturu ya zo ya wuce tana nan. Zuwa 1989 ta kai kusan hekta 1. Wani malamin jami'ar Nice, Alexandre Meinesz, ya yi ta kururuwa, aka tsaya gardamar daga ina ta zo da kuma aikin wa ne.

29/ Gidan na Monako ya musanta cewa daga wurinsa ta fita. Amma binciken ƙwayoyin gado daga baya ya nuna ta tekun da ta tankunan Turai iri ɗaya ce. Kafin a gama cacar baki, angar jiragen ruwa da tarun masunta sun kwashi gutsattsarinta sun kai nesa.

30/ Zuwa ƙarshen 2000 ta shafi kimanin murabba'in kilomita 131 a ƙasashe shida: Monako, Faransa, Italiya, Sifaniya, Kuroshiya da Tunisiya. Daga abin da bai kai tabarma ba. Tana cikin jerin mugayen baƙin halittu 100 na duniya da ƙungiyar IUCN ta fitar.

31/ Abin da aka fi ji wa tsoro shi ne wani nau'in Posidonia, ciyawar da a Bahar Rum kaɗai take. Cikinta ƙananan kifaye ke girma, ita ke riƙe yashin gaɓa. Santimita kaɗan take ƙaruwa a shekara. Inda ta mutu, ba a zamaninka za ta dawo ba.

32/ Yanzu ku kwatanta da Kalifoniya. A watan Yunin 2000 aka gano ciyawar nan a tafkin Agua Hedionda kusa da San Diego, sai kuma a Huntington Harbour. Ba su tsaya taro kan taro ba. Cikin 'yan makonni masu nutso suka rufe ta da tamfol, suka zuba kilorin a ƙarƙashi.

33/ Duk da wannan saurin, sai 2006 aka sanar an gama da ita, bayan an kashe kusan dala miliyan 7 da shekaru ana bin ƙasan ruwa taku-taku. Abin da aka fi zato kuwa, wani ne ya juye tankinsa. Bokiti ɗaya, irin wanda ke tsakar ɗakinmu jiya.

34/ A 2001 jihar ta haramta sayarwa da mallakar nau'i tara na Caulerpa. Duk da haka a 2021 wani nau'in daban ya sake ɓulla a Newport Bay, aka koma ruwa. Doka tana taimakawa, amma ba ɗan sandan da zai tsaya a banɗakin kowa. Hannun mai tanki ne shingen ƙarshe.

35/ Mutumina ba ya faɗuwa da sauƙi, kuma yana da hujja. Ya ce, "To ai ka ce tana cikin tekun tun kafin a haife mu. Naka ɗan bokitin me zai ƙara?" Gaskiya ne ma ta ja baya a wurare da dama daga baya, kuma akwai masanan da ke ganin an zuzuta ɓarnarta. Na yarda da wannan.

36/ Amma ga amsata. Ja bayan da ta yi ba dabarar kowa ba ce, sa'a aka ci. Ba a gina ɗabi'a a kan sa'a. Sannan abin da ke bokitina ba ciyawa kaɗai ba ne. Tsakuwar nan daga wata tekun ta zo, da tsutsotsinta da ƙwayoyin cutarta da ƙwan abubuwan da ido ba ya gani.

37/ Kuma "teku gida ce" kuskure ne. Teku ba ɗaya ba ce. Abin da ke zaune lafiya a tekun Indonesiya yana da masu cin sa da masu gasa da shi a can. Ka kawo shi inda babu su, ya zama sarki. Gabashin Bahar Rum dama yana fama da baƙin da ke shigowa ta mashigin Suez, ruwan kuma yana ƙara ɗumi.

38/ Mu ma ba baƙin wannan labarin ba ne. Kainuwar nan mai fure ruwan goda, 'yar asalin Kudancin Amurka, don ado aka fara yawo da ita a duniya. A 1984, shekarar Monako, ta shigo ruwan Legas ta Badagry. Yau har kogin Kwara a Yamai ana fama da ita.

39/ Ɗan Haɗeja da ɗan Nguru kuma ba sai an yi musu bayanin abin da kacalla ta yi wa gona da kamun kifi da hanyar kwalekwale ba. Sanadin daban ne, can sauyin tafiyar ruwa ne ya ba ta dama. Darasin dai ɗaya: ciyawar da ta samu wuri, korar ta sai an yi gumi.

40/ Don haka matsayina uku ne. Ɗaya: masu shago su daina miƙa wa sabon shiga Caulerpa da sunan kyauta, musamman a garin da ke bakin teku. Akwai madadin da ya fi aminci. Idan kuma za su sayar, su faɗi gaskiyar halinta da yadda ake zubar da ita.

41/ Biyu: duk abin da ka sayo, duba shi da kyau kafin ya shiga tanki. Ka raba murjanin da tsakuwar da ya zo a kai in zai yiwu, ka ajiye shi a wani ɗan mazubi daban na 'yan makonni. Minti biyar da matsefata ranar farko da ya tsare mini wata huɗu.

42/ Uku, wanda shi ne kan gaba: ba abin da ya fito daga tanki da zai shiga teku, kogi, tafki ko kwatar titi. Ciyawa a ƙulle a leda, a sa firiza aƙalla awa 24, sannan kwandon shara. Ruwan a zuba masa bilic, a bar shi, a juye a masai. Kifin da ka gaji da shi, mayar shago ko ba wani.

43/ Kwatar titi musamman. A garuruwan bakin teku da yawa, ruwan sama da ke bin kwata kai tsaye teku yake faɗawa ba tare da an tace ba. Ka wanke dutse a baranda ruwan ya gangara, daidai yake da ka kai da hannunka.

44/ Na san wani zai ce ɗalibi da ke fama da kuɗin haya ina shi ina damuwa da ciyawar Turawa. To masuntan da nake gaisawa da su kullum a bakin ruwan nan ba masu kuɗi ba ne. Idan taru ya cika da ciyawa maimakon kifi, su ne za su kwana da yunwa, ba ni ba. Baƙo ne ni a garinsu.

45/ Kuma wanda ya ɗebo rai ya sa a gilashi don jin daɗin idonsa, ya ɗauki nauyi biyu: na abin da ke ciki, da na abin da zai fita. Na farkon na yi sakaci, murjani ɗaya ya biya. Na biyun ba zan yi ba.

46/ Yadda aka ƙare jiya: ledar tana firiza yanzu haka, kusa da kazar mutumina, abin da ya jawo sabuwar rigima 😅 Ya ce in ba ta fita gobe ba, ni da ita za mu fita. Gobe da yamma awa 24 ta cika har da ƙari, za ta tafi shara.

47/ Tankin kuwa alhamdulillah, mako uku ke nan ban ga sabon tsiro a manyan duwatsun ba, murjanin da ya rage ya fara buɗewa. Ban ce na gama da ita ba, tocila tana nan kusa da gado. To jama'a, ni da shi wa ya fi gaskiya? Mai tanki kuma ya turo hoton ciyawarsa mu duba tare kafin ya zuba wani magani.